Ba a Zuba Ƙasa Sai an Karanta

A ƙauyenmu, tun da iyayenmu suka bar tsafi suka bi Ubangiji, akwai abin da ba a wasa da shi. In mutum ya mutu aka sa shi a kabari, ba a zuba masa ƙasa sai an buɗe Littafi Mai Tsarki an karanta a kansa, ko da layi ɗaya ne. Daga baya na ji masu ilimi suna cewa wannan ba doka ba ce, babu inda aka rubuta ta. Su suka sani. Mu dai haka muka tashi muka tarar. A da, giya ake zuba wa mamaci a yanka masa akuya, to da aka bar wancan sai mutane suka ga bai kamata a sallami mutum hannu banza ba, suka riƙe karatun nan gam. Wanda aka rufe babu karatu, cewa ake an binne shi bebe, kuma abin kunya ne da ke bin gida har jikoki.

Ubana bebe aka binne shi. Ƙauyen namu yana can gefen Gangara, dab da iyakar Nijar, gonarmu ma ba wanda zai ce maka ga ƙasar da ƙarshenta yake. A bazarar da Baba ya rasu, mai bishararmu ya ƙetara taro wajen Maraɗi, aka rufe boda yana can. Ni kuwa, da ni kaɗai na yi boko a gidan, ina Magama ina tuƙa wa direbobi da 'yan kwastan tuwo a bakin shingen boda. Ga shi an katse layin waya, ga hanya ba ta biyuwa saboda 'yan bindigar da muke kira mutanen daji, samarin da suka iya karatu duk sun gudu birni. Aka sa Baba a rami, aka rufe bakin da zana, aka zauna jira. Rana ta yi ta dukansa har cikinsa ya kumbura, ƙudaje suka cika wurin, karnuka suka fara kewayawa. Sai Baffa, ƙanen Baba, wanda har yau bai bar addinin kakanni ba, ya ɗauki fartanya ya ce shi ba zai zuba ido ɗan'uwansa ya fashe a gabansa saboda takarda ba. Inna tana tsaye rungume da Littafin a ƙirji, a rufe, tana jin ƙarar ƙasa.

Da na samu na iso, ban tarar da ita tana kuka ba. Daka take yi. Ni ce 'yar fari, ba ta kama sunana, ba ta kuma cika haɗa ido da ni ba. Ta ɗaga taɓarya ta sauke, ta ce, "Ke, karatu za ki koya mani. Ba a ƙara binne nawa bebe ina raye."

Na ce, "Haba Inna, yanzu da furfura?"

Ta ce, "An ce gemu ba ya hana ilimi. Ni ko gemun ma ban da shi."

To ni Allah bai yi ni da haƙuri ba, wannan kowa a bakin boda ya sani. Direban da ya ci tuwona ya ce miya ta tsinke, ranar sai ya gwammace da ma da yunwa ya kwana. 'Yan kwastan ba su tsira daga bakina ba, balle yaran mota. Ni ɗin nan aka ce in koya wa tsohuwar da ba ta taɓa riƙe fensir ba. Duk ranar da hanya ta yi sauƙi sai in kife tukunya in hau mashin in tafi, in kwana biyu in dawo.

Matsala ta farko, Inna ba ta zama. Ta ce zama na mai ciwo ne. Sai dai in bi ta inda take aiki. In tana tankaɗe, in baje gari a faifai in zana harafi da yatsa. Ta kalla ta ce wannan ai bakin turmi ne. In ce ba bakin turmi ba ne, sunansa kaza. Ta ce to, ta girgiza faifan, harafi ya ɓace, don garin tuwon dare ne ba na wasa ba. Gobe in sake zana shi, ta ce, "Af, ga bakin turmin jiya." Kai! Sau nawa na tashi na bar mata tsakar gidan, na je bayan rumbu na tsaya ina huci kamar kububuwa.

Kuma duk aikin da take yi da addu'a take yin sa, da ƙarfi, kamar tana magana da maƙwabciya ta kan danga. A majami'a an koya mana a durƙusa a rufe ido. Inna ta ce ita in ta rufe ido barci ke zuwa, tata addu'ar a tsaye take da taɓarya a hannu. Sai ka ji ta tana cewa, "Ubangiji, ka ga wanga baƙi mai ƙafafu ya sake ɓace mani. Kai ka yi shi, kai ka san inda shike, maido mani abina."

Wata rana tana shiƙa a bayan gari, iska ta ɗauke cak. Ta tsaya da ƙwarya a sama, ba ta sauke ba. Na ce, "Inna ki sauke ki huta mana."

Ta ce, "Ɗaga ƙwarya nawa ne, iska ba tawa ba ce. In ta zo ta iske na sauke, wa ya yi asara? Haka addu'a take, haka karatun ga yake."

Na ce ni da ni ce, da tuni na jefar da ƙwaryar na zagi iskar. Ta ce, "Na sani. Shi ya sa tuwonki ke gudaji." Tuwona ba ya gudaji, duk Magama shaida ce, amma Inna ba a cin ta da magana.

Mai bishara mutum ne siriri mai sanyin murya. Da aka buɗe boda ya dawo, abin da ya sami Baba ya tsaya masa a rai, don haka yakan biyo ta gidanmu ya ƙarfafa Inna. Shi ya gaya mata cewa ba ita kaɗai ke wannan fama ba. Ya ce ko'ina a duniya akwai tsofaffi masu koyon karatu, a ƙasashen ƙanƙara, a tsakiyar teku, a cikin duwatsu, kowa da harshensa, wasu ma harshen nasu ba a taɓa rubuta shi ba sai yanzu. Inna ta ajiye muciya ta ce, "Har cikin Turawa akwai wanda bai iya ba?" Ya ce akwai. Ta ce, "Ashe ba ni ɗai ce jaka ba." Daga ranar ta sa su cikin addu'arta. In tana surfe sai ka ji, "Ubangiji, tsofaffin duniya masu fama da baƙi irina, ka buɗe masu kai. Ka ba su ɗiya masu haƙuri, ba irin tawa ba." Ina tsaye a wurin take faɗa, ko a jikinta.

Akwai ƙanena, autanmu, ƙaton saurayi mai faɗin kafaɗa, shi ke noma gonar Baba. Bai yi boko ba, ya ce kansa ba ya ɗauka. In ya dawo daga gona sai ya durƙusa har ƙasa a gaban Inna ya ce, "Ranki shi daɗe malama, yau an kai ina?" Ta wurga masa marar tuwo, ya goce yana dariya. Amma shi ya sayar da zakaransa ya sayo mata tabarau a kasuwar Jibiya, ya ɗaure mata shi da zare don kada ya faɗa tukunya.

Damina ta zo ta wuce, wata ta zo. Inna ta iya haɗa baƙaƙe, tana fidda gajerun kalmomi in ta natsu. Amma layi guda bai taɓa ƙarewa a bakinta ba. Kafin ta kai ƙarshe ta manta farko, ta koma, ta rikice, ni kuma in daka tsawa, ta rufe Littafin ta ce wake zai ƙone.

A lokacin nan mutanen daji sun matso. Daga rumfata a Magama ina ganin komai. Mata daga wajen garin Kusa da tabarmi a ka, yara ba takalma, wani kwance cikin kurar ɗaukar kaya an danne masa ciki da buhu jini yana ɗiga ta ƙasa. Wata ta zauna a bencina na zuba mata tuwo, ta ƙura masa ido har ya huce, ashe da safen nan aka yanka mijinta a gabanta. Addu'ata ta canza. In na ɗauki taɓarya, kowane duka kan mutum ne. Ubangiji ka farfasa kawunansu. Ka ruɓar da yatsan da ya ja kunamar bindiga. Ka sa ko ungulu ta ƙi namansu. Da zuciya ɗaya nake roƙo, kuma har yau ban janye ko ɗaya ba.

Ran nan ina daka a gida Inna ta ji ni. Ta ce, "Ke, hatsi kike daka ko mutum?"

Na ce, "Mutum."

Ta ce, "To wa zai ci?"

Ta ce mai bishara ya ce a riƙa yi wa maƙiyi addu'a. Na ce ai ita nake yi masa. Na roƙe ta ta tattara ta biyo ni Magama, ita da auta, na ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa. Ta ce to, amma sai an gama sussuka, ba za ta bar wa tsinannu guminsu ba. Don a yi a gama ne na rufe rumfa na zo taya ta.

Da hantsi ne. Muna masussuka, mu mata da yawa, turame a jere, ƙaiƙayi ya cika mana gashi. Littafin yana cikin ƙwarya a gindin bishiya an rufe shi da faifai, don in mun huta mu duba. Sai muka ji ƙugi daga yamma. Wata ta ce injin niƙa ne. Injin niƙa na uban wa a daji? Kafin a ce haka, mashina sun fito daga cikin karan dawa, maza a kai goye da juna, fuska a naɗe, bindiga a sama. Harbin farko ya sami wata mai goyo a ƙirji, ta faɗa kan turminta, turmin ya kife, gero ya watse. Wuri ya yamutse, ƙafa me na ci ban ba ki ba, kowa ya yi ta kansa. Ni ban gudu ba don Inna ba ta iya gudu.

Suka bazu cikin gari. Wasu suka nufi turken shanu, wasu suka riƙa cinna wa rumbuna wuta ɗaya bayan ɗaya, ba don suna so ba, don dai kada mu ci. Na hango mai bishara ya fito daga majami'a hannu a sama, yana magana da muryar nan tasa mai sanyi. Ban ji abin da ya ce ba. Wani yaro cikinsu, wanda ko gemu bai fito masa ba, ya sa masa bakin bindiga a wuya ya saki. Ya zube a bakin ƙofa, ƙafarsa tana shure-shure.

Auta yana gona, daji yana bayansa, da ya shige kara da ya tsira. Wawan yaro, ɗan albarka, sai ya yo wajenmu a guje da lauje a hannu yana kiran Inna. Suka harbe shi a cinya ya faɗi, ya tashi, ya sake faɗuwa, yana jan jiki. Ba su ƙara ɓata masa harsashi ba. Biyu suka sauko da adda. Ya kare da hannu, hannun ya tafi. Suka sare shi a kafaɗa, a wuya, a ka, kamar masu faskaren icce, yana kiran Inna har muryar ta koma gurnani.

Ban san lokacin da na isa wurin ba. Taɓarya tana hannuna. Ɗaya ya sunkuya yana goge adda a rigar auta, na ɗaga na sauke masa a gadon baya da duk ƙarfin da Allah ya ba ni. Na ji ƙashi ya ce ƙaras, ya yi ƙara kamar akuya, kuma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na ɗaga zan ƙara, sai ɗayan ya juyo da gindin bindiga ya haɗa mani a fuska. Ya ƙara. Na faɗi, ya sa takalmi ya taka bakina ya murza, na ji haƙora suna karyewa a ciki. Abin da na tuna na ƙarshe, wani nauyi ya faɗo kaina, mai warin ƙaiƙayi da daddawa. Inna ce ta kwanta a kaina. Sun shure ta, sun zage ta, suka ga tsohuwa ce suka wuce.

A kan jaki aka kai ni Magama, Baffa yana riƙe da ni. Waɗanda suka tsira duk nan suka nufa, don nan ne kaɗai ke da soja. Muka zube a bakin shinge kamar kayan da aka kama. Mutanen Magama, Allah ya saka masu. Musulmi ne kusan dukansu, ba wanda ya tambayi addininmu. Mata suka fito da ruwa da kunu, direbobin Nijar suka sauko daga manyan motocinsu suka shimfiɗa mana tamfol, wani mai kemis da na taɓa zagi a kan canji ya ɗinke mani leɓe. Matattunmu kuwa suna can inda suka faɗi. Inna ba ta yi kuka ba, ba ta sha kunun ba. Tana zaune da Littafin ɗaure cikin zane a ƙugunta, ban san lokacin da ta koma ta ɗauko shi ba. Duk mai kakin da ya gifta sai ta kama masa ƙafa ta ce, "Ɗana yana rana."

Washegari da safe sojoji suka yarda za su raka mutum kaɗan a je a yi jana'iza, amma a gaggauce, don mutanen dajin ba su yi nisa ba. Na miƙe. Fuskata ta zama kabewa, idon hagu ya rufe ruf, na dama saura ɗan tsagi. Aka ce in zauna, na ture mai faɗar. Mai bishara ya mutu, in ban je ba wa zai karanta? Inna ta zo gabana, ta dube ni sosai, abin da ba ta saba ba. Ta ce, "Kina gani?" Na gyaɗa kai. Ina ganin inuwar mutane, na ɗauka ya isa.

Tun daga nesa muka ji warin gero ƙonanne, rumbuna har lokacin suna hayaƙi. Ungulaye suka tashi da ƙyar da suka ji mota. Ba zan faɗi abin da suka yi wa fuskoki ba. Mazan da muka zo da su suka hau haƙa rami ɗaya babba a bayan majami'a, don babu lokacin yi wa kowa nasa. Aka riƙa ɗauko mutane a zana ana jerawa, mai goyon nan da jaririnta, mai bishara, wasu tsofaffi da aka rutsa da su a ɗaka. Inna ita ta je wajen auta. Ta kore ƙudaje, ta nemo hannun inda ya faɗi ta ɗora masa a ƙirji, ta kwance ɗankwalinta ta naɗe masa kai. Tana yi tana magana ƙasa-ƙasa, ban sani ba da shi take ko da Ubangiji.

Da aka gama sa su, aka ja baya, aka miƙo mani Littafin. Baffa yana tsaye a kan tulin ƙasa da fartanya, sauran mazan ma haka. Na buɗe. Wayyo Allah. Babu komai a takardar sai ja-ja da baƙi-baƙi suna yawo. Na matso da ita har hancina, na buɗe idon da yatsa, hawaye da ruwan ciwo suka zubo, ko harafi ɗaya bai tsaya ba. Na ce to bari in faɗi abin da na haddace, a ce na karanta. Na buɗe baki, ɗinkin ya tsinke, muƙamuƙi ya ƙi motsi, abin da ya fito wani kuka ne irin na dabba, jini ya ɗiga a kan shafin. Ni mai bakin da ya gagari boda, ranar da ake neman bakin ya mutu. Baƙin cikin da na ji a wurin ya fi na dukan.

Wani soja ɗan kudu, mai ɗan gicciye a wuya, ya gane abin da ake ciki. Da gurguwar Hausarsa ya ce yana da Littafin a waya, zai karanta da Turanci. Inna ta ce, "Na gode, ɗana, Allah shi yi maka albarka. Auta bai jin Turanci. Ko da ransa bai ji ba."

Sai muka ji harbi daga can cikin daji, ba kusa ba, amma ba nesa sosai ba. Babban sojan ya ce a rufe yanzu-yanzu, ba zai kashe yaransa saboda gawa ba, kuma gaskiyarsa ce. Baffa ya tofa yawu a hannu ya ɗaga fartanya. Ya ce, "Matar yaya, ki yi haƙuri. Masu rai sun fi."

Inna ta fizge Littafin daga hannuna. Ta zauna a bakin ramin, ta zura ƙafafu, ta sulale ciki. Ta tsaya tsakanin gawarwakin, ƙafa ɗaya kusa da kan auta, ta ɗago ta ce wa Baffa, "To zuba. Da ni za ka zuba."

Babu wanda ya motsa. Ni ba na ganin ta sai dishi-dishi, sauran abin daga baya aka gaya mani. An ce ta goge jinina daga shafin da bakin zane, ta gyara tabarau, ido ɗaya na gilashin ya fashe tun jiya, ta ɗora yatsa a kan layin farko da ta samu. Muryar kuwa da kunnena na ji ta. Ta kama harafi ta ja, ta haɗa da na gaba, kalma ta fito, ƙarama. Ta maimaita ta don kada ta gudu. Ta kama ta biyu. Ta uku ta zo da sauƙi, ta san ta. Harbi ya sake tashi, wannan karon har muka ji amsa-kuwwa a bangon majami'a. Sojoji suka kwanta suka saita bindigogi, direba ya tayar da mota, babban yana ta ihu. Inna ba ta ɗago ba.

Sai ta ci karo da wata doguwa. Ta fara, ta tsaya. Ta sake farawa, ta karye a tsakiya. Na san wurin nan, nan ne take rufe Littafi ta tashi. Na ji ta ce, "Ke, mi ne wanga?" An ce har ɗago Littafin ta yi wajena, sannan ta tuna, ta sauke. Na durƙusa a bakin ramin, ba ido, ba baki, ba abin da zan iya yi wa uwata. A ranar na yi addu'ar da na daɗe ban yi irinta ba, wadda babu kan kowa a ciki. Ban roƙi a kashe su ba, ban roƙi a tsirar da mu ba. Na ce Ubangiji kalmar nan kawai, buɗe mata ita, ita ɗaya, ka bar sauran.

Ta koma farkon kalmar. Ta yanke ta gunduwa-gunduwa, ta faɗi gaɓar farko ta riƙe, ta ɗora ta biyu, ta yi shiru har na ce shi ke nan, sannan ta ƙarshe ta fito. Ta haɗa su ta faɗa gaba ɗaya, da ƙarfi, daidai. Ragowar gajeru ne, ta bi su ɗaya-ɗaya, har na ji ta sauke numfashi. Ba ta koma farko ba, ba ta rikice ba. Ta rufe Littafin ta ce, "Ku fiddo ni."

Baffa ne ya jefar da fartanya ya miƙa mata hannu biyu ya jawo ta. An ce sai da ya cire hularsa kafin ya fara zuba ƙasa. Aka rufe su a guje, da fartanya, da hannu, da ƙafa, har sojan nan ɗan kudu ya sa hannu. Aka cusa mu a mota tana tafiya, harsashi ɗaya ya huda ƙarfen baya.

Sai da muka hau kwalta, aka fara hango layin manyan motoci na bakin boda, sannan Inna ta yi kuka. Ba mai ƙara ba, jikinta ne kawai ke girgiza yana bugun kafaɗata. Na lalubo hannunta na riƙe, da ƙasar kabarin a jikinsa. Ina so in ce mata ta karanta daidai, ko kuskure ɗaya babu, bakin ya ƙi. Na matse hannun kawai.

Da ta natsu ta share fuska, ta ce, "Layi ɗaya. Mutum nawa ke cikin ramin ga, layi ɗaya suka raba." Motar tana ta jijjiga mu. Sannan ta ce, "In bakinki ya warke ki ci gaba da koya mani, kuma da sauri. Ki yi tsawarki, na yarda."

Na juyo da ɗan tsagin idona wajenta.

Ta ce, "Ban san wa ke biye ba. In ke ce, ba layi ɗaya kaɗai za ni karanta maki ba."